Maganin wanke kejin tsuntsaye: a yo oda daga waje, ko a nema nan Damagaram?

Mai Tantabaru na Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema. Hunturu ya ƙarato, kuma kowa ya san ta'asar da yake mana a ɗakin tantabaru. Na ci karo da wani magani a intanet, F10SC, wai da shi masu aku da kanari na Turai suke wanke keji da kwanukan ruwa. Mai sayarwar a Ingila yake, kuɗin aikowa da ya faɗa mini kuwa ya ninka kuɗin maganin. Akwai wanda ya taɓa shigo da shi nan? Ta wace hanya? Ko akwai makamancinsa a gari?

Baba na Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Yaro, ruwa da sabulu da rana, sai toka a ƙasan ɗaki. Tun kafin a haife ka da su nake kiwo. Ranar Damagaram kaɗai ta ishi kowace cuta.

Ɗan Kasuwar Dole:
Yaya kada ka wahalar da kanka. Ina da maganin feshi mai ƙarfi, na ɗura a gorunan ruwa, rabin litir rabin litir. Ka zo ka ɗauka, ba sai ka jira jirgi ba.

Hajiya Mai Aku:
Ɗan Kasuwa, mene ne sunan maganin?

Ɗan Kasuwar Dole:
Hajiya irin na gidan kaji ne, mai kyau. Bidon da ya zo ciki na wurin wanda ya sarar mini.

Hajiya Mai Aku:
To Allah ya ba da kasuwa. Ni dai abin da ba shi da suna ba ya shiga inda akuna yake.

Likitan Dabbobi:
Sannunku da muhawara. Malam na Birni, kafin maganar hanya, bari mu fara da abin da kake son saye.

F10SC ba ɗan Ingila ba ne, a Afirka ta Kudu ake yin sa. Wanda ka gani sarowa ya yi, zai ɗora ribarsa, sannan ya sake turo maka shi Afirka. Sinadarai biyu ne a ciki, banzalkoniyom da wani da ake rubutawa PHMB. Abin da ya sa masu tsuntsayen gida ke son sa shi ne ba shi da wari mai shaƙe numfashi, ba ya cin ƙarfe, kuma in an gauraya shi daidai ba sai an ɗauraye ba, a bar shi ya bushe kawai. Ma'auninsa: mililita 2 a litir guda don wankin yau da kullum, mililita 4 in ana son ƙarin ƙarfi, mililita 8 don bairas masu taurin kai, irin wanda ke zubar wa aku gashi ya lalata masa baki.

Ka lura da harafin SC ɗin nan, shi ne mai kauri wanda ake sirkawa. Akwai wanda aka riga aka sirka aka zuba a kwalbar feshi. In ka yi odar wannan, ruwa ka biya wa kuɗin jirgi. Kwalbar mililita 100 ta mai kaurin, a ma'aunin mililita 4, tana cika bido mai litir 25.

Mai Tantabaru na Birni:
Ikon Allah. Likita, mai feshin ne kuwa na saka a kwando, don shi ya fi araha a ido.

Direban Kano:
Ha ha. Yaya da ka turo ni na ɗebo maka a famfo.

Maganar hanya dai, ni Kano nake bi, wani lokaci ta Matamaye da Kwangwalam zuwa Daura, wani lokaci ta Magariya da Babban Mutum. Shagunan maganin kaji a Kano ba sa ƙirguwa. F10 ɗin nan ban taɓa jin wani ya aike ni shi ba, amma Virkon S masu gidan kaji suna yawan sa ni in riƙo musu. Gari ne, ba ya zuba a mota, kuma ba shi da nauyi. In za ka aike ni, turo mini hoton kwalin, kada ka ce mini "maganin feshi" kawai. Mai shago zai miƙo mini abin da ya daɗe bai sayar ba.

Likitan Dabbobi:
Direba ya kawo abin da ni ma zan ambata. Virkon S gari ne mai launin hoda. Giram 10 a litir guda. Ƙaramar leda mai giram 50 tana yin litir 5, robar kilo guda tana yin litir 100, wato bido huɗu. In goran ruwan nan mai litir ɗaya da rabi kake amfani da shi, giram 15 ke nan. Amfaninsa guda da nake so: launin da kansa yake gaya maka ko yana da rai. In ka haɗa, ruwan ya yi hoda. Wajen mako guda yake yi, kuma da ka ga launin ya kwanta, ƙarfin ya tafi, a zubar a haɗa sabo. A zafinmu na Afrilu da Mayu, in aka bar shi a rana, ba ma zai kai makon ba.

Sai dai shi kwanon ruwa da na abinci a ɗauraye su bayan an jiƙa minti 10. Garin kuma kada ya shiga ido ko hanci wurin aunawa.

Baba na Garin Malam:
Likita duk na ji. Amma ku yaran yanzu komai sai an sayo. Kakanninmu da wane Birkon suka yi kiwo?

Likitan Dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi maganarka ba, rabin aikin ma kai ka faɗe shi. Duk maganin nan da muke lissafawa ba ya aiki a kan kashi. In kwano na da busasshen kashin tantabara ko wannan santsin da ke kwanciya a gindin mazubin ruwa, maganin a saman dattin zai ƙare, cutar na ƙasa lafiya lau. Dole a kankare, a wanke da omo, a ɗauraye, sannan magani. Mai wanki da sabulu ya shanya a rana kullum ya fi mai F10 da ke fesawa a kan datti.

Ciwon nan da ke sa farin abu mai rawaya-rawaya a maƙogwaron 'ya'yan tantabara, ƙwayarsa ba ta jure bushewa. Ta ruwan sha take yawo, da kuma ta bakin uwa in tana ɗura wa 'ya'ya. Mai kwanuka biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana, ya rage wannan ciwon ba tare da ya kashe dala ba. A nan kam Baba ka yi gaskiya.

Inda zan saɓa maka shi ne zamanin ya canza. Da, tantabarun unguwa su ne na unguwa. Yanzu kowane mako ana shigo da 'yan waje daga Kano da Maraɗi da Yamai, ana musaya, ana aron namiji. Kuma mu nan jihar ba sai an ba mu labari ba: murar tsuntsaye ta farko da aka tabbatar a Nijar, a Magariya ta ɓulla, cikin Fabrairun 2006. Rana ba ta shiga lungun ɗaki, toka kuma ba ta kashe bairas.

Baba na Garin Malam:
Na tuna shekarar nan. An ƙona kaji da agwagi, mutane sun yi kuka. To na ji, amma tokata ba zan bari ba.

Likitan Dabbobi:
Kada ka bari Baba, tana busar da ƙasa, kuma tana taimakawa wajen ƙwarƙwata. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya kashe ƙwarƙwata da ƙuma, wannan wani fanni ne daban.

Ɗalibi daga Tudun Jamus:
Ni tambayata, me ya hana mu yi da jabel kawai, ruwan bilicin nan na wanki? Kowane shago akwai, dala kaɗan. A asibiti ma da shi ake goge ƙasa.

Hajiya Mai Aku:
A'a ɗana. Jabel kusa da tsuntsu? Maƙwabciyata ta wanke kejin tsiryarta da shi, tsuntsuwar na ciki, kafin la'asar tana buɗe baki tana haki.

Ɗalibi daga Tudun Jamus:
Hajiya ai laifin ba na jabel ba ne, ita ce ta bar tsuntsuwar a ciki.

Likitan Dabbobi:
Ku duka biyu kuna kan hanya. Tsuntsu ba kamar mu yake numfashi ba. Bayan huhu yana da jakunkunan iska a jiki, yawancinsu guda 9, iskar da ya shaƙa tana ratsa shi sosai. Warin da kai zai sa ka yi atishawa kawai, shi zai iya kwantar da shi. Don haka ko wane magani ne, a fitar da tsuntsu tukuna.

In an kiyaye wannan, jabel magani ne na gaske, kuma ga wanda ba shi da hali ni shi nake cewa ya yi amfani da shi. A duba jikin robar. In an rubuta 2,6%, a ɗebi mililita 50 a cika da ruwa ya zama litir guda. Ruwan sanyi, ba na zafi ba. A jiƙa kwanukan da aka riga aka wanke minti 10, a ɗauraye sosai, a shanya har warin ya fita. Illolinsa: yana sa kejin waya tsatsa, zafi da haske suna kashe masa ƙarfi, don haka wanda ya kwana biyu a teburin mai shago cikin rana rabi ruwa ne. Kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani magani, musamman na wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi yana kai mutum asibiti. Kada kuma a zuba shi a kan tarin kashin tsuntsu.

Wanda nake roƙon ku bari shi ne girezil, wannan baƙin mai wari da ke zama fari in an zuba a ruwa. Na masai ne da garken dabbobi. Bai dace da kwanon da tsuntsu zai sha ruwa ba, kuma in akwai kyanwa a gidan, guba ne gare ta.

Ɗan Kasuwar Dole:
Likita to nawa fa? Masu kaji na saye ba wanda ya taɓa dawo mini da shi.

Likitan Dabbobi:
Ƙanena, ba ina ɓata maka ciniki ba ne. Wataƙila ma maganin kirki ne, irin su TH4 da ake feshin gidan kaji da shi bayan an kwashe kajin. Amma wannan yana da gulutaraldehid, mai ƙona ido da maƙogwaro. Mai kanari biyu a falo in ya ɗauka bai san sunansa ba, bai san ma'auninsa ba, bai san ko an riga an sirka shi sau ɗaya a hanya ba, da me zai auna? Ka karɓo bidon, ka ɗauki hoton takardar da ke jiki ka saka mana nan. In na ga suna da ranar ƙarewa, ni da kaina zan rubuta maka ma'aunin ka riƙa liƙawa a kowane gora. Sannan goran ruwan sha da magani a ciki, a gidan da ke da yara, ka san sauran.

Ɗan Kasuwar Dole:
To zan tambaye shi.

Hajiya Mai Aku:
Bari in ba da nawa labarin odar, tunda shi Malam na Birni ya tambaya tun farko. Ni F10 nake amfani da shi, saboda aku ba tantabara ba ne, komai sai ya sa a baki, sandar da yake tsayawa ma ci yake. Na farko ta kamfanin aika kaya na yi. Da suka ji ruwa ne kuma sinadari, suka ce sai mai sayarwa ya haɗo da takardar bayanin haɗarin maganin. Ya turo. Kayan ya iso Yamai ya zauna, ana ta kira ana cewa a kawo wannan a kawo wancan, ga kuɗin duwan, wato kwastan, ga na wanda zai fito da shi, ga na kar zuwa Damagaram. Da na haɗa lissafi sai da na yi salati. Da ya iso kuma murfin ya saki, kwalin ya sha kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tun daga nan sai in jira mai zuwa. Ɗan ƙanwata na karatu a waje, in zai zo hutu ya sako mini ƙaramar kwalba a akwatin da ake aunawa, a naɗe murfin da salatif, a saka a leda biyu. Ga aku guda, kwalbar na kai ni har ya sake zuwa.

Direban Kano:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan murfi. Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, kayan kuma in ba a yi sa'a ba a ƙasan kar kusa da inji ake cusa shi, ko a ɗora masa buhu. Duk mai turo ruwa ya rubuta a kwalin, ya yi alamar sama, ya gaya wa mai karɓar koli. Kano kuwa ba ta kai 250 ba, na ɗauka da safe, da yamma yana hannunka.

Alhaji Mai Gidan Kaji, hanyar Mirya:
Ina biye da ku tun ɗazu. Malam na Birni, tantabaru nawa gare ka?

Mai Tantabaru na Birni:
Alhaji sun haura ɗari, ban da 'ya'ya.

Alhaji Mai Gidan Kaji, hanyar Mirya:
To ka manta da Ingila. Lissafin Hajiya na aku guda ne, kai ɗaki gare ka. Kuma tun 2023 da hanyar Kwatano ta rikice, kayan da ke biyo ruwa ta Lome da Burkina suke zagayowa, ba wanda zai ce maka ga ranar isowa. Ka fara zagaya shagunan maganin dabbobi na gari. In babu, su da kansu suna da masu turo musu daga Yamai, ka ba da kafin alƙalami su haɗo da kayansu. Abin da ya fi mini a nan shi ne in aka samu matsala ka san ƙofar da za ka buga.

In ta Kano ne, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a duba ranar ƙarewa, a duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Na taɓa karɓar roba da garin ciki ya dunƙule ya zama dutse, laima ta shige shi tun a shago. Na haɗa, ruwan ko hoda bai yi ba. Roba ɗaya ko biyu na amfanin gida daban, amma mai niyyar shigo da kwalaye don sayarwa ya je ofishin ma'aikatar kiwo ya nemi izini tukuna, kada kayansa su kwana a iyaka.

Ɗalibi daga Tudun Jamus:
Alhaji ni fa har yanzu ban ga abin da ya sa za a bar jabel a bi mai tsada ba. Kuma duk wannan wanki da ɗauraya, a garin da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa?

Alhaji Mai Gidan Kaji, hanyar Mirya:
Ai maganar ruwan ce ma hujjata, ɗana. Jabel sai ka ɗauraye, ka sake ɗaurayewa. Sannan ka lissafa kejin da tsatsa za ta ci maka.

Ɗalibi daga Tudun Jamus:
Kwanukana na roba ne.

Alhaji Mai Gidan Kaji, hanyar Mirya:
To kai jabel ya ishe ka, ba gardama.

Mai Tantabaru na Birni:
Likita, saura abu guda. Ni kaskon ƙasa da tukwane nake sa musu su yi ƙwai, ruwan ma a kasko suke sha don ya fi sanyi. Maganin zai yi aiki a kansu?

Likitan Dabbobi:
Wannan ita ce tambayar da ta fi ta odar muhimmanci. Yumɓu yana tsotsa, katako ma haka. Cutar na shigewa cikin ƙofofin da magani ba ya kaiwa, maganin da ya shiga kuma ba ya fita duka da ɗauraya, sai ya riƙa tsattsafowa cikin ruwan sha. Na ruwa ka koma roba mai santsi ko silba, ka ajiye a inuwa. Tukwanen ƙwai kuwa, in 'ya'ya sun tashi, ka kankare, ka kwara tafasasshen ruwa, ko ka kife su a kan wuta, sannan rana. Wadda aka yi ciwo a cikinta a fasa ta, tukunya ba ta kai kuɗin tantabara ba. Bango a shafe shi da farar ƙasa. Ƙwayayen ciwon nan mai sa zawo da rama, kwaksidiya, yawancin magungunan nan ba sa iya musu, sai shara da bushewa da zafi.

In za ka kankare kashi, ka yayyafa ruwa tukuna kuma ka sa takunkumi. Akwai cutar da ake ɗauka daga ƙurar kashin aku da tantabara, tana kama mutum da zazzaɓi da tari. Hajiya ke ma wannan ya shafe ki. Kuma mai amfani da F10 ya ɗauraye kumfar omo tas kafin ya fesa, don sabulu yana rage masa ƙarfi.

Game da hunturu da ka ambata: ciwon da ke murɗe wa tantabara wuya ta riƙa juyi tana kasa tsintar hatsi bairas ne, ɗan uwan Niyukasil na kaji. Wankin kwano yana rage yaɗuwarsa, amma ba ya maye gurbin rigakafi. Kuɗin jirgin da za ka biya, ka yi musu allura da shi. Sabuwar da ka sayo kuma ta yi wata guda a keɓe da kwanonta, komai kyanta, komai amincin wanda ya sayar maka.

Mai Tantabaru na Birni:
Wata guda Likita? Namijin da na karɓo ranar Alhamis tuni na haɗa shi da mace.

Baba na Garin Malam:
Ka gani ko. Kana neman magani a Ingila, ƙofar ɗakinka a buɗe.

Mai Tantabaru na Birni:
Baba na karɓa. Yau zan ware su su biyun. To ga shawara: mu haɗa kuɗi mu sayi robar Virkon mai kilo guda, mu raba. Direba ya riƙo mana in shagunan gari ba su da ita.

Hajiya Mai Aku:
Ku raba a me? A ƙulla a leda ba suna? Kun koma sana'ar Ɗan Kasuwa ke nan.

Ɗan Kasuwar Dole:
Hajiya ni me na yi kuma yanzu.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ta yi daidai. Garin nan da zarar an buɗe ana ta ɗiba, laima ke shigarsa. Ku nemi kwalin ƙananan ledojin nan masu giram 50, kowa ya ɗauki nasa a rufe, da suna da ma'auni a jiki. Ya ɗan fi tsada, amma ba sai kun nemi sikeli ba: leda guda, litir 5.

Alhaji Mai Gidan Kaji, hanyar Mirya:
Gobe zan shiga gari, zan tambaya a shago biyu da nake hulɗa da su. In babu, sai mu ba Direba.

Direban Kano:
Jibi nake tashi bayan asuba. Mai so ya rubuta adadin ledojinsa kafin gobe da isha'i, kuɗin kuma a haɗa wurin mutum ɗaya, ba zan bi kowa gida ba. Sefa za ku ba ni, ni zan canza a Matamaye.

Ɗalibi daga Tudun Jamus:
A sa mini leda ɗaya in gwada. Amma jabel ɗina na nan.

Mai Tantabaru na Birni:
Ni huɗu. Likita, allurar rigakafin fa, wace rana kake shago?